Tsohuwar Sa da Sunan da Ta Ƙwace

Ana gab da kiran sallar azahar, a wani ɗakin aiki a Zariya, wani ɗan akwati da bai fi ƙwayar wake ba ya ƙwanƙwasa daga cikin gilashin kwamfuta. Sau uku ya buga, irin bugun wanda ya gaji da sallama.

Matar da ke zaune gaban kwamfutar, Tartsatsi abokan aiki ke ce mata, kuma ba su zalunce ta ba. Mace ce da in ka taka mata ƙafa ba ta jiran ka ba da haƙuri. Sunanta na yanka kuwa zan riƙe shi tukuna, don a ranar nan aka raba ta da shi, ni kuma ba zan riga ta samu ba.

Sana'arta zana haruffa. Kowane harafi yana da lambarsa a babban kundin da kwamfutoci da wayoyi ke aiki da shi, amma lamba kira ce kawai. Sai wani ya zauna ya zana wa harafin fuska, in ba haka ba ka kira shi ka ga ɗan akwati wayam. An ba Tartsatsi aikin zana haruffan Merowe, tsohon birnin mutanen Kush a bakin kogin Nilu. Gurbi ashirin da huɗu ne, ta cike ashirin da uku. Wanda ya rage tsohon zubi ne na harafin Sa, mai lamba 109B0, kuma hoton da aka aiko mata na wani dutse ne da yashi ya gama cinye wa fuska. Abokin aikinta Malam Isiyaku ya ce a jira wani hoton. Ta ce masa, "Harafin da masu shi ma suka daina rubutawa tun suna da rai, wa zai neme shi?" Ta saki aikin haka, ya shiga duniya.

To, ga shi an zo nema.

Gilashin ya tsage ba tare da ƙara ba. Wata doguwar tsohuwa ta sunkuyo ta fito, awarwaron ƙarfe tun daga wuyan hannunta har gwiwa, yashi na zuba daga zanenta. Inda ya kamata a ga ido da hanci da baki, ba komai sai kusurwa huɗu da fili a tsakiya. Daga filin nan murya ta fito.

"Ya ke 'yar Adam, ke ce mai zanen?"

Da wani ne, da ya suma. Tartsatsi kallon gilashin da ya tsage ta yi, ranta ya ɓaci. "Ni ce. Ke kuma wace ce da za ki fasa mini kayan aiki?"

"Ni ce Tsohuwar Sa. Shekara dubu biyu ina kwance a cikin dutsena, ban roƙi kowa komai ba. Kuka ba ni lamba, ban ce ina so ba. Wadda aka ba lamba dole ta amsa kira. Kwana arba'in ke nan duk wanda ya danna lambata a cikin aikinki, sai a fizgo ni daga barcina a jefa ni cikin akwatin da ba ƙofa, ba fuska, ba numfashi. 'Yan'uwana ashirin da uku su fito da adonsu, ni in tsaya tsirara. Kuma na ji abin da kika ce: wa zai neme ni."

"Hoton ne bai fita ba."

"Kin tambayi dutsen?"

"Dutse yana magana ne?"

Tsohuwa ta miƙa yatsu biyu ta taɓa maƙogwaron Tartsatsi, ta zare wani abu siriri kamar zaren lilo, ta ɗaure a bakin zanenta. "Kin bar ni da kira ba fuska. Na bar ki da fuska ba kira. Na cire sunanki daga bakinki da duk bakin da ya taɓa furta shi, da duk takardar da ta taɓa ɗaukarsa. In rana ta faɗi sau uku ba a kira ki da shi ba, idon mutane zai riƙa zamewa daga kanki, ki yi yawo a cikinsu ba mai ganinki har ƙarshen kwanakinki."

Daidai nan Malam Isiyaku ya leƙo zai tafi masallaci. Bai ga tsohuwar ba. Ya buɗe baki zai kira abokiyar aikinsa da sunanta, sai iska ta fito. Ya sake gwadawa, ya dafe maƙogwaro. "Ikon Allah. Hajiya, wai... yaya ma sunanki?" Tartsatsi ta fizgo katin da ke rataye a wuyanta. Ga hotonta, ga sunan mahaifinta, amma a gurbin nata wasu 'yan akwatuna ne a jere.

Ta yi kukan kura ta cafki zanen tsohuwar. Tsohuwa ta ja da baya cikin gilashin, ita kuwa ba ta saki ba, sai ga su duka biyu sun faɗa.

Tartsatsi ta dira a kan yashi mai zafi, a bakin wani kogi da ke gudu daga ƙasa zuwa tudu. Rana tana tsaye cak a tsakiyar sama, ba ta da niyyar gusawa. Tsohuwa ta jefa mata gora.

"Cika ta a nan, don ba wani ruwa a gaba. Ki bi sawun jimina har ki iske dutsena a gindin ƙaramar dala, ginin kabari mai tsini. Ki ba shi ruwa, zai nuna miki fuskata. Rana ba ta faɗuwa a ƙasar nan, amma a taku tana faɗuwa, kada ki manta." Ta nutse cikin yashi kamar an zuba ruwa a rairayi.

Tartsatsi ta cika gora tana zage-zage, ta kama hanya.

Sawun jimina ya kai ta wata kasuwa da ba ta taɓa ganin mai cikarta ba, kuma ba ta taɓa jin mai shirunta ba. Masu saye da masu sayarwa duk irin tsohuwar ne, kusurwa huɗu a wuya. Haruffa ne na al'ummu iri-iri da aka kira ba a zana ba. Suka yanyame ta suna shafa fuskarta da yatsu masu sanyi, tana bugun hannayensu. Can sai wasu samari uku suka ratso taron, su da fuskokinsu, kowanne da 'yar lanƙwasa a ka kamar an karya hula.

"Ku ba ta hanya," in ji babbansu. "Wannan mun san ta."

Ta dube su da kyau, sai ta gane su. Ƙ ne da Ɗ da Ɓ.

"Mun daɗe a kasuwar nan kafin masu zane su tuna da mu," in ji Ƙ. "Muna jin ki a lokacin. Duk sanda kika rubuta Hausa muka fito a akwati, sai kin tashi ofis da faɗa, kina cewa an raina harshenki, an raina iyayenki. Mun ji daɗinki ƙwarai. Shi ya sa da labari ya zo cewa ke ce kika rufe Tsohuwar Sa, muka ce ƙarya ne."

Tartsatsi ta kau da kai ta ci gaba da tafiya. Haushin da ya kama ta ya fi na ɗazu, don wannan ba ta da wanda za ta sauke wa. Samarin suka raka ta har bakin kasuwa.

Daga nan ƙasa ta koma baƙa. Tsaunuka ne na kashin ƙarfe, abin da maƙeran Merowe suka zubar tun zamaninsu, kuma aljanun maƙera suna nan suna ta bugu ba su san an tashi ba. Hanya ɗaya ce, ta bi ta kan wata gada da ke ja wur, yanzu aka fito da ita daga wuta. Sarkin maƙeran, gajere mai gemun hayaƙi, ya ajiye masaba.

"Ya ke mai gora, gadar nan ba ta huce ba tun ranar da aka ƙera ta. Mai son wucewa shi ke shayar da ita."

"Ruwan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Na dutse ne."

"To ki tsaya nan ke da ruwan dutse."

Ta zage shi tas, ta haɗa da zugazuginsa da wanda ya koya masa ƙira. Ya bari ta gama, ya ɗauki masabarsa ya ci gaba da aiki. A lokacin ne ta ji wani sanyi ya ratsa ta, ta san rana ta faɗi sau ɗaya a gida. Ta cije leɓe ta riƙa ɗiga ruwa a gabanta, taki ɗaya ɗigo ɗaya, ƙarfe na tsuwa, tururi na dukan fuskarta, takalmanta na narkewa. Da ta kai ƙarshe ta girgiza gora, abin da ya rage bai fi kurɓi uku ba.

Ta yi tafiya mai nisa ba takalmi, ƙishi na yankar maƙogwaronta, gora na kaɗawa a ƙugunta, ba ta sha ba. Sanyi na biyu ya ratsa ta a hanya. Ta tsaya ta lalubi sunanta a cikin kanta don ta tabbata yana nan, sai ta tarar farkonsa kawai ya rage, shi ma yana dushewa.

A bakin wani kwari ta iske mai gadi, jikin mutum kan zaki, da mashi a hannu. Can ƙarshen kwarin tana hango ƙananan dala masu tsini.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "wannan kwarin matattun da aka daina shayarwa ne. A ƙasarmu, mai rai yakan zo kabarin nasa ya zuba ruwa a kan dutsen hadaya, ruwan ya bi cikin rubutun ya isa ga mamaci. Waɗannan nasu sun ƙare, ba mai zuwa. In suka ga gora za su yayyaga ki. Ba kwano, ba ƙwarya, ba salka da ke wucewa ta nan."

"To da me zan kai ruwan?"

"Da abin da Mahaliccinki ya ba ki." Ya sa gindin mashi ya nuna bakinta.

Tartsatsi ta gane, kuma ta so ta fasa masa gorar a ka. Ta ɗaga ta juye abin da ya rage a bakinta, kumatunta suka cika. Harshen da ya bushe kwana biyu ya ji ruwa, maƙogwaro ya buɗe da kansa yana roƙo. Ta danne. Ta shiga kwarin.

Matattun suka taso daga yashi, busassu, idanu a rami. Sun ji ƙanshin ruwa, kuma sun san ba su da ikon taɓa abin da ke cikin bakin mai rai sai in shi ya zubar. Saboda haka suka yi abin da ya fi duka. Suka bi ta gefe da gefe suna magana.

"Wannan ce mai zanen? An ce ragguwa ce, aikin da ya yi wuya sai ta tsallake."

"An ce Isiyaku ne ke gyara mata a ɓoye."

Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma amsarta ta taso mata har haƙora. Ta dunƙule hannu ta ci gaba.

"Ku bar ta, baiwar Allah. Wai suna take nema."

"Wane suna? Sunan da uwar da ta haife ta ma ba ta taɓa faɗa ba?"

Ƙafarta ta tsaya.

Nan suka sami wurin. Tartsatsi 'yar fari ce, kuma Innarta, da ke zaune a Malumfashi, mace ce ta da, mai kunyar ɗan fari irin wadda ba a sassautawa. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke." "Waccan." "Ku ce wa yarinyar nan." Ƙannenta a kira su a rungume su a gaban kowa, ita kuwa ko ranar da ta faɗi daga kan katanga ta karye, Inna daga bakin ƙofa ta tsaya ta ce a kira maƙwabciya. Kowa ya ce mata al'ada ce, ta sani, ta kuma tsani al'adar tun tana 'yar shekara shida. In kuna neman inda tartsatsin ya samo wuta, to ga murhun.

"Kunya ce wai," in ji wani mamaci a kunnenta. "Mu da muka mutu mun san gaskiya. Ba ta dai son ki."

"Faɗa mana ƙarya muke yi. Buɗe baki ki ce ƙarya ne."

Hawaye suka zubo mata. Maganganu ɗari suka taru a bayan ruwan nan, kowace tana neman hanya. Ba haƙuri ne ya riƙe ta ba, kada ku ba ta ladan da ba ta yi aikinsa ba. Tsabar taurin kai ne: ta rantse a ranta waɗannan busassun ba za su sha ko ɗigo ba. Ta ɗaga ƙafa, ta sake ɗagawa, suna bin ta da gori har ta fita daga kwarin.

Dutsen yana gindin ƙaramar dala, faffaɗa, da ɗan makwarari a gefe ɗaya. Shi ne na cikin hoton, kuma a ido ba komai a kansa sai shafaffen wuri. Ta durƙusa ta saki ruwan a hankali. Ruwa ya bazu, ya tsaya, sai ya fara neman hanya. Ya gangara cikin wasu ramuka da ido ba ya gani, ya cika su, suka yi duhu a kan farin dutse. Harafin ya fito sarai, kowace lanƙwasa da inda mai sassaƙa ya fara da inda ya ɗaga hannu. Masu dutsen sun sassaƙa shi ne don a shayar da shi, ita kuwa ta tsaya kallon hotonsa a bushe. Ta bi shi da yatsa sau bakwai kafin rana ta shanye ruwan.

Ƙasa ta juya da ita, ta tsinci kanta a kan kujerarta a Zariya, ƙafafu duk ƙuna, gilashin kwamfuta lafiya lau. Malam Isiyaku yana ɗakin, amma sai da ta yi magana sau biyu ya waiwayo, ya dube ta kamar mai hango abu cikin hazo. Agogo ya nuna ƙarfe biyu, rana ta uku.

Ta zana harafin cikin rabin sa'a, hannunta bai yi gargada ba. Ta sa shi a gurbinsa ta danna lambar. Akwatin ya buɗe. Tsohuwar Sa ta fito, wannan karon da fuska, kyakkyawa mai tsaurin ido.

"Kin cika, ya ke mai zane."

"Ba ni sunana."

Tsohuwa ta kwance bakin zanenta. Ba komai a ciki sai ɗan toka. "Sunan da aka cire daga baki ba ya rayuwa a hannun aljan. Ya mutu tun ranar farko."

Tartsatsi ta ɗauki kujera. "Kika sa na taka wuta, kika sa matattu suka ci mutuncina, kin san..."

"Na ce ki ba ni fuskata. Ban ce zan mayar miki da komai ba. Kwana arba'in na yi a akwati, ke uku kika yi, kada ki ɗaga mini murya." Ta kaɗe tokar daga zanenta. "Amma ki tuna abin da na faɗa. Daga bakin da ya taɓa furta shi na cire. In akwai wanda ya san shi bai taɓa furtawa ba, hannuna bai kai can ba. Daga nan za a iya ɗebo shi, yadda kuke ɗebo wuta a maƙwabta."

Ta koma cikin gilashi ta zauna a layi tare da 'yan'uwanta.

A tasha sai da Tartsatsi ta buga jikin mota kafin direba ya lura da ita. Har suka isa Malumfashi wanda ke gefenta yana ɗora mata kaya a cinya, yana zaton kujerar ba kowa. Ta shiga gidansu rana ta yi ja tana kan katanga.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma tana tsince shinkafa, maƙwabta biyu na taya ta hira. Maƙwabtan ba su ko ɗaga kai ba. Inna ta ɗaga, ta ƙanƙance ido.

"Ke ce? Lafiya, ba ko waya? Me ya sami ƙafarki?"

Tartsatsi ta zube a gabanta ta faɗa mata komai, a gurguje. "Inna, ko ni na manta shi. A bakinki kawai ya rage. Ki kira ni. Sau ɗaya."

Inna ta dubi maƙwabtan, waɗanda suka saki baki suna kallonta tana magana da iska. Ta mayar da ido kan tire. "Ke, kin san ba a yi."

"Ba a yi?" Muryar Tartsatsi ta fashe. "Na karye a gidan nan kina tsaye a bakin ƙofa, ba a yi. Na yi aure kin shige ɗaki, ba a yi. Shekara talatin da huɗu ina jin kina kiran Habu, kina kiran Talatu, har akuyar gidan nan tana da suna a bakinki. Matattu sun ce mini ba kya so na, Inna, ruwa na bakina ban iya ce musu ƙarya ba ne. Yanzu bakina ba komai, kuma har yanzu ban san abin da zan ce musu ba."

Hannun Inna ya tsaya a cikin shinkafa. Ba ta ɗago ba. A hankali ta ce, "Ko a sujada ban taɓa faɗa ba. Sai in ce, Allah ka san wadda nake nufi. Kullum da ke nake farawa."

"Allah ya sani. Ni ce ban sani ba."

Rana ta sauka daga kan katanga, saura ɗan jan baki. Tartsatsi ta ga idon Inna ya fara neman ta a inda take, yana zamewa gefe. Ta miƙe. Ba za ta tsaya ta ɓace a gaban matar nan tana roƙo ba. Ta juya ta nufi zaure, ƙafafunta na barin jini a ƙasa.

Ta sa ƙafa ɗaya a zaure ke nan ta ji tire ya faɗi, shinkafa ta watse.

"Lauratu!"

Da ƙarfi ya fito, a karkace, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Maƙwabtan suka zabura, ɗaya ta dafe ƙirji ta ce, "La, Lauratu, yaushe kika shigo?"

Lauratu ta tsaya riƙe da bangon zaure. Duk faɗan da ta tanada tun tana 'yar shekara shida ta neme shi ta rasa.

"Na'am, Inna."

Inna ta riga ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, kafaɗunta na girgiza. Daga cikin mayafin ta ce, "Ke, zo ki kwashe mini shinkafar nan kafin kaji su gama da ita."